Yadda Cindo Sarkin Kiɗa Ya Ciwo Makirfo Mai Ruwan Zinariya

Godiya ta tabbata ga Mai kowa Mai komai, wanda ya ƙagi maƙogwaro ya zuba masa sauti, ya ƙagi kunne ya bar shi ba marfi. Bayan haka, wannan shi ne labarin fitar sadauki, ma'abocin fasaha da balaga, tsawar da ke tsayar da ciniki ran kasuwa, rumbun sunayen mahauta, kundin da gara ba ta ci, Cindo Sarkin Kiɗan Fawa na garin Tsaunin Gamji, ɗan Bagudu wanda ya yi waƙa a bakin rafi aka ji shi a tsallake har wata mata ta saki tulu, ɗan Tunau wanda ya yi yini uku yana jero asalin mahauta bai maimaita suna ba, ɗan Anaruwa Babba wanda aka ce shi ya fara rataya kalangu a ƙasar nan tun ana kasa nama a kan ganye. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba mu ikon faɗin abin da ya auku ba ƙari, ko da yake ragi ma ba za mu yi wa kowa ba.

Ku sani, gidan su Cindo ba waƙar soyayya suka gada ba. Aikinsu riƙon asali. Duk mahaucin da ke garin, daga mai kayar da bijimi har mai tallar kayan ciki a faranti, yana da uba da kaka da kakan kaka, kuma ba a rubuta su ko'ina ba sai a cikin kan Sarkin Kiɗa. Ran taro sai ya tsaya gaban mutum, kiɗa ya kwanta, ya jero masa iyayensa bakwai da irin wuƙar da kowannensu ya riƙe, har ka ga ƙato yana share ido da hannun riga. Da wannan Cindo ya ci abinci shekara arba'in, da shi ya yi aure, saboda shi ake ba shi hanya a kasuwa.

To ga abin da mai wannan tarihi ba zai iya ɓoyewa ba, don in ya ɓoye shi babu labari. Shekara bakwai ke nan sunaye na zurarewa daga kan Cindo kamar gero a buhun da ɓera ya huda. Kakannin nesa suka fara tafiya, sannan na kusa, har ta kai yakan buɗe baki kan mutumin da ya sani tun yana goye, ya tarar ba kowa a ciki. Wanda ya tsaya tsakaninsa da tozarci shi ne sanƙiransa, wato mai tsayawa gefensa yana kwarzanta waƙar ga jama'a, wani siririn tsoho mai suna Arzika. Shekara arba'in Arzika na kafaɗar hagu ta Cindo, kalangu ya cinye masa kunnuwa har sai an ɗaga murya yake ji, amma duk sunan da ya taɓa shiga kansa yana nan daram. Dabararsu kuwa babbar riga ce. Da zarar Cindo ya ji suna ya ɓace, sai ya ɗan sauke kafaɗa, hannun riga ya zame, Arzika ya matso kamar mai gyara wa maigidansa riga, ya raɗa masa sunan. Ba su taɓa shirya wannan ba, ba su kuma taɓa zancensa ba ko su biyu a ɗaki. Cindo ya fi tsoron ranar da garin zai gane fiye da ranar mutuwarsa, kuma wannan ba zuzutawa ba ce, haka abin yake a ransa.

Sanadin yaƙin shi ne sabuwar kwata. Tun kaka da kakanni mahautan Tsaunin Gamji a gindin wata tsamiya suke yanka, su da ungulaye, sai bana aka gina musu mayanka ta siminti mai rufin kwano da famfo biyu, ɗaya ma yana kawo ruwa. Aka sa ranar buɗewa, Asabar da hantsi, aka gayyato mahautan garuruwa bakwai da manyan ma'aikata. 'Ya'yan Sarkin Fawa, samari masu manyan wayoyi, suka kawo shawarar a ɗauko mawaƙin zamani daga birni, mai fiyano, irin wanda ake sa waƙarsa a inji yana motsa baki. Sarkin Fawa Mijinyawa, dattijo mai kaurin wuya da ƙarancin magana, ya saurare su har suka gama, sannan ya aika a kira masa Cindo.

"Sarkin Kiɗa," in ji shi, "yaran nan sun ce muryarka ba ta kai bayan rumfa yanzu. Na ce musu ba su da kunya. Amma filin da faɗi, ga janareta zai yi ta ruri. Ka nemi makirfo."

"Allah ya ja zamanin Sarki, ubana Bagudu a bakin rafi..."

"Na san Bagudu. Bagudu bai yi zamani da janareta ba."

Akwai wani Lurwanu a garin mai ba da hayar lasifika, ya aiko cewa nasa makirfon na nan, kyauta. Cindo ya mayar da amsar da ta shiga tarihi: abin da ya sha yawun 'yan kamfen da masu cigiyar akuya ba zai kusanci bakin jikan Tunau ba. Zai fita da kansa ya ciwo nasa, in ma a bangon duniya yake.

Ran Alhamis da sassafe runduna ta ɗaga. Maruwaita sun yi saɓani kan adadinta: wasu sun ce mutum biyu ne, wasu suka ce uku in an haɗa da zakaran da Arzika ya riƙo zai kai wa 'yarsa a hanya. Suka hau ingarma, wata bas mai cin mutum goma sha takwas da aka ɗora wa ashirin da shida, suka nufi Funtuwa. A wannan tafiya sadauki ya jure abin da ba kowane namiji zai jure ba, da buhun albasa a kan ƙafarsa, da gwiwar hannun wani ɗan tireda a haƙarƙarinsa, da taya da ta yi faci inda babu ko inuwar kalgo, kuma bai yi ƙorafi ba sai sau goma sha ɗaya. Da suka hango gari ya leƙa ta taga ya daka tsawa, "Ga jikan Tunau nan tafe!" Wata mai tallar gyaɗa ta ɗauka kiranta yake, ta biyo motar da gudu.

Layin masu kayan sauti ba wurin raggo ba ne. Kowane shago ya jero lasifikoki a ƙofa, wannan na wa'azi, wancan na kiɗan Indiya, na gaba yana tallar kansa, duk a lokaci guda, har ƙasa na rawa ƙarƙashin takalmi. Arzika ne kaɗai ya ji daɗin wurin, ya ce rabonsa da ya ji abu sarai haka shekara goma. Suka keta sahu har shagon wani Nafi'u, mutum mai gajeren gemu da haƙurin masu gyaran rediyo. Ya ba su benci, ya tambayi irin waƙar da inda za a yi ta, sannan ya fito da barde na farko, baƙi, gajere, mai kama da 'yar taɓarya.

"Wannan shi ne naka, Baba. Shi mawaƙa ke riƙewa a fili. Ka kawo shi dab da baki, bakinka kaɗai zai ji. Ko kalangu goma ake kaɗawa a bayanka, ba ruwansa. Ya faɗi ƙasa, ka ɗauka ka kaɗe ka ci gaba. Ce halo mu ji."

Cindo ya dube shi sama da ƙasa, don a zuriyarsu ba a taɓa buɗe baki da halo ba. Ya ja numfashi ya saki kirarin kakansa. Sauti ya fita, ba laifi. Amma da ya ware hannuwa yadda ya saba, makirfo ya yi nesa da baki, sai murya ta ɗauke ɗif.

"Kurma ne!"

"Kurumtar ita ce amfaninsa, Baba."

"Ina da kurma ɗaya, ya ishe ni."

Arzika, yana zaune bakin ƙofa yana cin goro, ya ga an nuno shi, ya yi murmushin godiya. Bayan wannan kuma Cindo ya tuna ya ga irin baƙin nan sak a hannun mai tallar maganin basir a tasha, magana ta ƙare. Aka fito da na biyu, marar waya, mai cin batir, shi ma bai daɗe a fage ba. Cindo ya tambaya, in batir ya ƙare ana tsakiyar asalin mutum, a bar kakansa a rataye ke nan? Aka mayar da shi kwali.

A nan ne idon sadauki ya kai can saman kanta, inda wani akwati ke buɗe, an shimfiɗe cikinsa da ƙyalle mai laushi, a kai wani jibgegen makirfo ruwan zinariya ya kishingiɗa, ma'abocin haiba da kwarjini, ko kallon talakawan da ke ƙasa ba ya yi.

"Sauko mini da wancan."

"Wancan na situdiyo ne, Baba. Na ɗaki ne, ɗakin ma a rufe ƙofa a kashe fanka. Ba a fita da shi fili. Kunne gare shi kamar me, duk abin da ya motsa kusa da shi sai ya kwashe."

Nafi'u gargaɗi yake yi, Cindo kirari ya ji. Aka ɗora makirfon a kan sandarsa, aka jona, aka sa wa tsoho abin ji a kunne. Abin da ya fara ji numfashinsa ne, sai ƙarar goro a bakin Arzika daga can ƙofa, sai kukan cikinsa da bai karya ba. Sannan ya ɗan rera ƙasa-ƙasa, bai tilasta wa maƙogwaro ba, sai ga wata murya ta cika masa kai, mai kauri, mai zurfi, wadda rabonsa da ita shekara ashirin. Muryarsa ce ta ƙuruciya, kai, muryar Bagudu ce. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce hayaƙin janareta ne. Gaskiyar magana, ya yi kewar muryar nan kamar yadda ake kewar mamaci, kuma daga wannan lokaci ba mai raba shi da makirfon sai da yaƙi.

"Baba, tsaya in tambaye ka," in ji Nafi'u. "In kana waƙar, akwai mai tsayawa kusa da kai? Don in akwai, ko tari ya yi sai duniya ta ji."

Tambaya ɗaya ce tsakanin Cindo da tsira: raɗa fa, yana jin ta? Amma duk wanda ya yi wannan tambaya ya faɗi dalilinta, shi kuwa bai taɓa faɗin dalilin ba ko ga matashin kansa. Ya gaya wa zuciyarsa cewa raɗa ba magana ba ce, iska ce, makaɗansa ma da ke taku biyu da shi ba su taɓa ji ba. Ya miƙe tsaye ya bugi ƙirji.

"Ni kaɗai nake waƙata! Ɗaure mini shi!"

Aka yi ciniki, wanda maruwaita suka ƙi faɗin adadinsa saboda iyalin mutumin na raye. Nafi'u ya raka su har titi yana cewa in ya ba da matsala a dawo a canza da baƙin, Cindo ko waiwaye bai yi ba. Yinin Juma'a akwati ya yi shi a buɗe a zaure, jama'a na shigowa kallon ganima. Lurwanu ma ya zo, ya leƙa, ya ɗora hannu a ka ya ce wannan a fili kuka zai yi. Cindo ya ce hassada ce.

Ran Asabar, kafin hantsi ya dubi ludayi, fili ya cika. Rumfuna huɗu, kujerun roba ɗari biyu, mahauta sun wanke jinin mako sun sha fararen riguna har ba ka gane su, manyan baƙi a sahun gaba suna duban agogo. An ɗaure bijimin da za a buɗe kwata da shi a turke. Sai ga sadauki ya ɓullo cikin riga mai aska takwas, makaɗa uku a bayansa, Arzika ɗauke da akwati a ka. Aka kafa makirfo a kan sandarsa, rana ta doke shi ya ɗauki ido, mata daga bayan katanga suka rangaɗa guɗa.

Lurwanu, wanda aka ɗauko da lasifikokinsa, ya yi bisimilla ya murɗa inji. Abin da ya fito daga lasifikoki ba shi da suna a harshen ɗan Adam. Wata ƙara ce siririya mai huda haƙori, ta tashi ta yi sama, ungulayen da suka zo ganin sabon gidansu suka watse, bijimi ya tsinke igiya ya bi ta kan teburin lemo, babban baƙo ya tsinci kansa a bayan kujerarsa bai san lokacin da ya tsallaka ba. Cindo kaɗai bai gusa ba. "Ku tsaya, maza!" yake kira. "Gaisuwa yake yi!" Wannan shi ne karo na farko, kuma kunnen doki aka yi.

Aka kamo bijimi. Lurwanu, yana gumi yana ƙunƙuni, ya ja lasifikokin can gaba, suka ba mawaƙi baya suka fuskanci jama'a, ya kuma kori makaɗa taku goma, don kalangu na neman fasa masa inji. Da haka ƙara ta mutu. Da haka kuma ya zama ba kowa kusa da makirfo sai mutum biyu, kuma su biyun ne kaɗai a filin ba sa jin abin da lasifika ke faɗa.

Sannan gwarzo ya buɗe baki, kuma duk wanda ya halarta shaida ne cewa muryar da ta fita ran nan ta ƙetare rumfuna, ta danne janareta, ta ratsa kasuwa, ta tarar da mata a bakin rijiya suka tsaya da guga a hannu, har tsofaffin da suka san Bagudu suka riƙa girgiza kai suna cewa ashe bai mutu ba. 'Ya'yan Sarkin Fawa suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Da yake makirfo a kafe yake, sai masu gidaje suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya suna tsayawa gabansa. Na farko da na biyu daga kansa ya jero su, ba tuntuɓe.

Na uku wani dogo ne mai tsire a bakin tasha. Kiɗa ya kwanta. Cindo ya buɗe baki ya tarar ba kowa. Kafaɗa ta sauka, riga ta zame, Arzika ya matso. Sai lasifikoki huɗu suka yi wa garuruwa bakwai raɗa, ɓaro-ɓaro: "Ɗan Buwai, jikan Maigishiri mai baƙar wuƙa."

"Ɗan Buwai!" Cindo ya kwarara. "Jikan Maigishiri mai baƙar wuƙa!"

Ba a taɓa jin waƙar da amshi ke riga mawaƙi ba sai ran nan. Na huɗu ya zo, raɗa ta riga. Na biyar ya zo, raɗa ta ce, "A'a, ba shi ba ne, ƙanensa ne, wancan ya rasu bara, ka yi masa addu'a," sadauki kuwa ya yi addu'a mai ratsa jiki. Lurwanu ya kai hannu zai rage sauti, ya tuna in ya rage raɗa ya rage waƙa, ya rasa ta yi. Cindo ya ga mutane sun sunkuyar da kai, ya ɗauka waƙa ce ta kama su, ya ƙara ƙaimi.

Sai Sarkin Fawa Mijinyawa ya taso da kansa ya tsaya gabansa, fili ya yi tsit. Cindo ya jero masa kirarinsa tas, ya zo kan sunan uba, uban da ya yi wa waƙa shekara ashirin, wanda ya ɗauki makararsa da kafaɗarsa. Babu. Ya sauke kafaɗa. Arzika ya matso ya gyara riga, ya koma wurinsa bai ce uffan ba, don ko a mafarki bai zaci wannan sunan zai ɓace ba. Cindo ya sake saukewa, Arzika ya sake gyarawa, har da shafe masa wuyan riga. Kalangu na jira, Sarki na jira, zufa ta keto. Sai sadauki ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara bakwai. Ya kai baki kunnen Arzika, da yake kuma kunnen kurma ne, sai da ya ɗan ɗaga.

"Sunan ubansa, Arzika. Ya ɓace mini."

"Haba Maigida. Jibo mana. Jibo da ya ba ka rigarka ta fari."

Bangon sabuwar kwata, siminti mai kyau da ya sha fenti, ya karɓi maganar nan ya dawo wa Cindo da ita ba ragi. Ya ji kansa yana cewa ya ɓace mini, da kauri da zurfi, da irin muryar da ya yi tafiya har Funtuwa don ya samo. Wani cikin baƙin gaba ya fashe da dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ke yi, ya mayar da ita tari. Cindo ya tsaya baki buɗe gaban mutum ɗari biyu, kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi.

Sarkin Fawa ya juya a hankali, ba wajen Cindo ba, wajen mai lasifika.

"Kai Lurwanu! Wane irin inji ne wannan da zai riƙa kamo mana gidan rediyo ana tsakiyar taro? Tun ɗazu nake jin wasu na surutu a ciki. Cire shi!"

Lurwanu ya buɗe baki zai yi bayanin cewa ba rediyo ba ne, sai ya ji ƙafar wani mai fiɗa ta sauka a kan tasa da nauyin rabin bijimi. "Rediyo ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "Wayoyin ne suka haɗu."

Kafin ya rufe baki fili ya ɗauka. "Rediyo ne!" "Ai ni tun farko na gane rediyo ne." Mai tsire ya ce shirin ma ya san shi, duk Asabar ake sawa. Wani tsoho ya ce haka ta taɓa faruwa ran sunan jikansa, har labaran duniya aka ji. 'Ya'yan Sarkin Fawa, masu son fiyano, suka mayar da wayoyi aljihu, babbansu ya ce kayan birni ke nan, ba su da tabbas.

Cindo ya bi fuskokin da kallo. Mahauta ne, mutanen da kan tsoka guda sai su rantse sau uku kafin ciniki ya faɗa, amma cikin ɗari biyun nan babu wanda ya ce wallahi. Babu kuma wanda ya dubi na kusa da shi don neman abin faɗa, kowa ya san wurinsa kamar sahun salla. Irin wannan ƙarya ba yau aka fara ɗinka ta ba. Sai ya tuna yadda makaɗansa kan ƙara duka daidai lokacin gyaran riga, yadda tari kan kama na kusa, yadda wanda ake wa waƙa kan sami abin kallo a ƙasa. Ya tuna kuma abin da ko yaro ya sani, shi kaɗai ya ƙi sani, cewa raɗar kurma ana jin ta daga taku biyar. Shekara bakwai yana ɓoye wa gari abu, ashe garin ne ke ɓoye masa. Ya rasa ko ya gode musu ko ya fashe da kuka, kuma a gaskiya wannan ya fi masa zafi fiye da dariyar baƙon.

Aka kwance mai ruwan zinariya aka kwantar da shi a akwatinsa. Lurwanu ya miƙo nasa, baƙi, gajere, kansa a lotse, yana warin bakunan da suka gabata. Jikan Tunau ya karɓa da hannu biyu. Ya kai shi dab da baki, ya tattaro abin da ya rage masa na mazantaka, ya yi kiran yaƙi na ƙarshe.

"Allah ya raba mu da sharrin rediyo!"

"Amin!" in ji garuruwa bakwai.

Kalangu ya tashi. "Ɗan Jibo!" Aka ci gaba, riga na zamewa, Arzika na gyarawa, makaɗa na ƙara duka, har aka kai gida na ƙarshe aka kayar da bijimi.

Wannan shi ne abin da ya inganta daga labarin yaƙin makirfo. Ba a ci gari ba, ba a kama kowa ba, asarar rai kuwa bijimi ne kawai, shi ma dama an yi niyya. Bayan azahar aka ga runduna ta nufi gida ta bayan kasuwa, Cindo a gaba, Arzika a baya da akwati a ka da ƙunshin nama a hannu. Sun kusa gida Arzika ya matso.

"Maigida, wai me ya sami na zinariyar ne aka cire? Na ga ana ta hayaniya, ban ji ba."

Cindo ya tsaya. Ya dubi tsohon nan da ya ƙare ƙuruciyarsa da kunnuwansa a gefensa, fuskarsa wasai, bai san komai ba. Ya kai baki kunnensa ya ɗaga murya.

"Rediyo ya kamo!"

"Rediyo? Kai, Allah ya rufa mana asiri." Arzika ya waiga hagu da dama, ya yi irin raɗarsa, wadda wata mata mai shanya barkono a tsallaken hanya ta ji sarai, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da bazawa. "Da mu ya kamo fa, Maigida?"

"Da mun shiga uku," in ji Cindo, ya karɓi ƙunshin naman don ya rage masa kaya.